Wayata, barcina da hanyar Sabon Birni

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Yau na yanke shawara zan riƙa rubuta yadda nake rage kallon waya, don in ban rubuta ba na san kwana biyu zan koma gidan jiya. Ni tela ne, shagona na nan Mabera cikin birnin Sakkwato, yara uku ke koyon aiki hannuna, iyalina suna cikin gari amma Inna tana Sabon Birni ta ƙi tasowa, ta ce inda anka rufe mijinta nan za a rufe ta. To duk mai uwa a gabashin Sakkwato ya san abin da waya ta zame muna, ko ƙara ta yi cikin aljihu sai gabanka ya faɗi tun ba ka duba mai kira ba.

Abin ya fi ƙarfina ne tun watan Agusta, lokacin da bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya fito yana hannun ɓarayin daji yana roƙon a cece shi, Allah ya jiƙan shi ya gafarta mashi. Dattijo ne da duk ɗan ƙasarmu ya san sunanshi. Wallahi ban san sau nawa na kalli bidiyon nan ba, duk guruf ɗin da na buɗe shi ne, in rufe in ce na bari, anjima in sake buɗewa kamar wani abu zai canza a ciki, har labarin rasuwarshi ya zo. Tun daga nan barcina bai koma daidai ba. Ƙarfe biyu na dare ido biyu, hasken waya a fuska, daga Facebook in faɗa TikTok in dawo WhatsApp, ina neman sunan garinmu cikin labarin mutuwa.

Abin da ya farkar da ni jiya ne. Wani kwastomana ya kawo shadda yadi goma zai yi babbar riga ta ɗaurin auren ƙanenshi, na shimfiɗa ta kan tebur na ja alli, waya na jingine jikin keke wani na bayani da murya mai rawa wai an tare hanya, kunnena na can hannuna na nan, na sa almakashi na fitar da wuya a inda ba wuya ba. Shekara goma sha huɗu ina yanka ban taɓa irin wannan ba. Babban yarona ya ce Maigida lafiya kuwa, na kasa ba shi amsa. Shaddar dai sai na biya.

Da daddare yaron ya nuna mani wani wuri cikin saitin waya, Digital Wellbeing, inda take ƙirga awannin da mutum ya yi yana kallonta. Awa 7 da minti 40 a rana. Daga nan za mu fara lissafi.

Talata, 8 ga Oktoba

Na ƙirga guruf-guruf na WhatsApp, 23. Na unguwa, na teloli, na 'yan ajinmu, na 'yan Gobir mazauna birni har kala uku, na siyasa, na dangi. Na fita daga 11, sauran na sa masu miyut. Na kashe sauke bidiyo da hoto kai tsaye, yanzu sai na danna da hannuna abu zai buɗe, a Facebook ma na kashe bidiyo ya riƙa tashi da kanshi.

Amma dabarar da nake ganin ta fi duka ita ce ta ƙaramar waya. Na tono tsohuwar Nokia mai tocila cikin durowa, na sa mata layin da Inna da Kawu da ƙannena ke kira na da shi, ita ce za ta kwana kusa da kaina. Babbar kuma in na rufe shago bayan Isha'i sai in kulle ta cikin akwatin zare in taho gida. Saboda gaskiya ni ba zan iya cewa na daina jin labari ba, mai faɗin haka ba shi da kowa a daji, in wani abu ya samu Inna dole a same ni ko ƙarfe nawa ne. Abin da nake so in raba shi ne kiran da ya shafe ni da kuma gawar da ban san mai ita ba ana ta tura mani ita.

Labarai kuma sau biyu a rana, ta rediyo, Rima da safe, BBC ƙarfe takwas da rabi na dare.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Dare biyu ba babbar waya a gida. Daren farko na yi ta lalube gefen katifa cikin duhu, hannu ya saba. Na tashi na zauna tsakar gida har anka kira assalatu. Uwargida ta ce in ka koma shagon nan ka ɗauko ta cikin daren ga to ka san ba kai ke riƙe da ita ba. Ban je ba.

Ashe yau ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, a rediyo na ji, kowace shekara 10 ga Oktoba. Anka ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wata matsala ta wannan ɓangare, kuma mu nan Najeriya sai Janairun 2023 Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da ta 1958 ake aiki, wadda ko sunanta ma na mahaukata ne. Na daɗe ina tunanin wannan. Mu Sakkwatawa muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, ga shi nan kusa, amma mun mayar da sunan garin abin zagi, yaro ya yi rashin ji a ce a kai shi Kware, to wa zai buɗe baki ya ce ba ya barci, gabanshi na faɗuwa ba dalili? Sai dai a ce jinnu ne ko sammu, ko a ce imaninka ne ya yi rauni, mutum ya yi shiru yana ƙonewa.

Fetur kuma ya haura dubu, duk wanda ya shigo shago maganar kenan. Na ce ma yara a kunna karatu.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na faɗi yau, kuma zan rubuta yadda abin ya faru.

Tanka ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, cikin daren jiya, mutane sunka fito kwasar mai wuta ta tashi, sama da mutum 140 anka ce sun rasu. Da safe na ji a rediyo, na yi innalillahi na yi masu addu'a, kuma da a nan na tsaya da shikenan, don duk abin da ya kamata in sani na riga na sani. Amma ina buɗe shago na ɗauko waya na ce bari in ga ko da gaske ne yawan ya kai haka, wanga bari in gani shi ke kashe ni, na danna ɗaya na danna biyu, har azahar ina ciki, mutane sun ƙone ba a gane su, wani kuma ya tsaya yana ɗauka da waya yana matsawa kusa don a gani da kyau. Abincin da anka kawo mani daga gida haka anka mayar da shi.

Da yamma na karya dokata na taho da ita gida. Ina zaune kan tabarma ina sake kallo ban san ɗana na biyu, ɗan shekara bakwai, yana tsaye bayana ba, sai ji na yi ya ce Abba su wane ne waɗannan. Na kife wayar. Cikin dare ya farka yana kuka ya ce wuta. Uwarshi ta rungume shi tana mashi addu'a, ba ta ce mani komai ba, shirun nan nata ya fi mani faɗa zafi.

Awa 6 da minti 5.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na je asibiti ranar Laraba saboda ciwon kai da ya ƙi tafiya, anka auna jinina ya hau, ba sosai ba amma ya hau, ni da ban kai arba'in ba. Likitan ya ba ni lokaci, Allah ya saka mashi. Da na gaya mashi batun barci da waya sai ya aje biro ya yi mani bayanin da ban taɓa ji ba. Ya ce jikin ɗan Adam in ya ga haɗari yana sakin wasu sinadarai, adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, barci ya gudu, duk don mutum ya samu ƙarfin tsira da ranshi, kuma wannan rahama ce in kura ce a gabanka. Matsalar ita ce jiki ba ya bambancewa sosai tsakanin abin da ke gabanka da wanda ke cikin waya, to kai kana kwance Mabera amma jikinka na ta shirin gudu sau talatin a rana, ba inda za ka gudu, ba lokacin da zai huce. Ya ce in rage gishiri, in riƙa tafiyar ƙafa, in dawo bayan wata guda, in barcin bai gyaru ba akwai likitocin wannan fanni kuma ba abin kunya ba ne.

Ƙanena da ke karatu jami'ar Ɗanfodiyo da na ba shi labari ya ƙara mani da wani abu. A 2013 bam ya tashi wurin gasar gudu a birnin Boston na Amurka, wasu masu bincike na jami'ar Kalifoniya sunka bi mutane dubbai da tambayoyi, sunka tarar waɗanda sunka riƙa kallon labarin awa shida ko fiye a rana sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda ke wurin ko kusa da wurin lokacin da abin ya faru. Na ce ya maimaita. Awa shida, ni ina yin bakwai da wani abu. Ya ce ko lokacin korona a 2020 shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar kenan, a duba labari sau ɗaya ko biyu a rana daga inda anka yarda da shi, a bar sauran.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Awa 3 da minti 20, kuma rabi duk hotunan ɗinki ne da kwastomomi ke turowa. Bayan Asuba ina takawa da ƙafa in zaga unguwa kafin rana ta ɗaga. Dare uku a jere na yi barci har kiran sallah. Datar da ke ƙare mani cikin kwana huɗu yau kwananta goma sha ɗaya.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Satin ga ya yi nauyi. Sojoji sun fito sun tabbatar da batun Lakurawa, wata ƙungiyar 'yan bindiga masu iƙirarin addini, a yankin Tangaza da Gudu, abin da mutanen can sunka daɗe suna faɗi, shekaranjiya kuma anka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Kebbi. Gari ya ɗauka, kowa da nashi, saƙon murya na yawo wani na rantsuwa wai an gan su kaza, ba suna ba rana ba wuri, a ƙarshe ya ce don Allah a tura ma 'yan uwa. A majalisarmu ta bakin shago mutum biyar sunka kunna mani abu ɗaya.

Amma ba wannan ya fi damuna ba. Kawu ne ya kira ni, ya ga na fita daga guruf ɗin 'yan garinmu, ya ce wato kai ka samu birni ka ƙoshi, ana kashe 'yan uwanka ka toshe kunne. Na ce Kawu ba haka ba ne, ya ce haka ne mana, ya kashe waya. Maganar ta shige ni ƙwarai don ni kaina na sha tambayar kaina haka, shin wanga abu da nake yi neman lafiya ne ko gudun 'yan uwa? Wani lokaci in na yi barci mai daɗi sai in tashi da jin kunya, kamar na ci amanar wanda ya kwana cikin gero yana ɓoyo.

Na kai ma Malam maganar bayan karatun Magariba. Bai yi dogon wa'azi ba, ya ce in buɗe Suratun Nisa'i aya ta 83, inda Allah ya zargi waɗanda in wani labari na aminci ko na tsoro ya zo masu sai su yi ta watsa shi, maimakon su mayar da shi ga waɗanda za su iya tantancewa. Ya kawo hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Sannan ya tambaye ni, duk bidiyon da ka kalla tun Agusta, wa ka cetar da shi? Wa ka kai ma ko kwanon gero saboda shi? Na yi shiru. Ya ce damuwa da al'amarin musulmi wajibi ce, amma je ka duba mi damuwar taka ke haifarwa, in hawan jini kawai take haifarwa to ba ta kai ga kowa ba.

Na kuma tuna 2021 da gwamnati ta datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da tamu. Makonni ban ji muryar Inna ba, sai dai in je tasha in tsaya in jira direban da ya fito can ya ce mani ya gan ta lafiya. Cikin wannan lokacin anka kai harin kasuwar Goronyo ranar wata Lahadi ta Oktoba, mutum sama da 40. Rashin labari ma ciwo ne, na ɗanɗana, ba na fatan a koma. Amma na lura da abu guda, wancan lokacin kalma biyu daga bakin direba, tana lafiya, ta fi mani amfani a kan duk abin da ke cikin wayata yanzu.

Na kira Kawu da safen ga na ba shi haƙuri, na ce duk ranar Juma'a da Litinin ni zan kira shi da kaina ya gaya mani halin da ake ciki, in akwai gudummawa a sa sunana. Ya sauko kaɗan. Guruf ɗin dai ban koma ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na koma asibiti, jini ya sauko amma bai kai inda ake so ba. Kuɗin data da na rage na fara tarawa cikin gwangwani.

Akwai wasu mata da yara 'yan gudun hijira da ke zaune wani kango bayan layinmu, daga wajen garin Isa sunka fito, kullum ina wuce su, kuma abin da ya ba ni kunya shi ne na fi sanin fuskokin mutanen cikin bidiyo a kan nasu. Sanyi ya fara sauka, yaran ba rigunan kirki. Munka tattara ragowar yadi da ke cikin buhu ni da yarana, duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai mu ɗinka riga da wando biyu ko uku masu dogon hannu. Yau munka kai kala tara. Wata tsohuwa cikinsu ta riƙe hannuna tana ta addu'a har na ji idona ya kawo ruwa.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na je na gano Inna, jiya na dawo. Wata bakwai rabona da gida.

Kafin tafiyar ban buɗe Facebook ba ko sau ɗaya. Direba ɗaya na kira wanda ke bin hanyar kullum, da Kawu, sunka ce a fito da hantsi kada a yi yamma, kuma haka munka yi, Achida, Goronyo, muna tafe kowa ya yi tsit cikin mota sai addu'a, hazo ya rufe gabas ba ka hangen nesa, ga shingayen jami'an tsaro, ga ƙauyukan da na sani da mutane yanzu ba hayaƙi ko ɗaya. Tsoro na nan, ba zan ce babu ba, cikina ya ɗaure tun daga Goronyo har munka shiga gari. Amma wanga tsoro ne mai dalili, yana da farko yana da ƙarshe, ina sauka mota ya sake ni.

Inna ta rame amma da ƙarfinta. Ta dama mani fura da hannunta, tana kallona ta ce kai ɗan nan mi as same ka kwanakin baya, muryarka ba daɗi. Na gaya mata komai har batun shadda. Ta ce mi kaka nema cikin wayag ga? Mu da muke nan in munka ji harbi mu yi salati mu lafe, in gari ya waye mu ɗora tukunya, kai kuma kana can kana jin na Zamfara da na Katsina da na ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba, zuciya guda gare ka fa. Ba wai su ba su jin jiki ba, ta gaya mani akwai dararen da ba ta runtsawa, akwai maƙwabciyarta da tun da anka ɗauke ɗanta ba ta ƙara magana daidai ba, zaune kawai take tana kallon ƙofa, kuma ba wanda ya taɓa kai ta ga likita. Wannan matar ta tsaya mani a rai. Na yi ma ɗan'uwanta bayanin Kware, na ce ba sai mutum na jifa ake kai shi ba, in sun shirya su sauka gidana ni zan raka su. Ya ce zai yi shawara.

Na sake roƙon Inna ta biyo ni. Ta ce sai bayan an gama sussuka ta gani.

Alhamis, 26 ga Disamba

Jiya jirgin soja ya saki bam a Gidan Sama da Rumtuwa cikin ƙaramar hukumar Silame, anka ce Lakurawa anka nufa, mutanen gari aƙalla goma sunka rasu. Da dare na ji a rediyo. Na kashe rediyon na zauna, na yi kuka, na yi alwala na yi raka'a biyu na roƙa masu gafara. Ƙaramin yaron shagona mutanenshi na wajen Silame, da safe na ba shi ƙaramar wayata ya kira gida, nasu lafiya, na ba shi kuɗin mota ya je ya gano su.

Mutum uku sunka turo mani bidiyo. Suna nan da alamar saukewa a kansu, ban danna ba. Ɗaya abokina ne na ƙut da ƙut, na rubuta mashi na ce don Allah in labari ne ka rubuto mani da baki, gawa kuma ka daina turo mani, su ma mamatan suna da haƙƙin a suturta su. Ya ce bai taɓa kallon abin ta nan ba.

Duk da haka daren jiya sai wajen ƙarfe uku na samu barci.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Wata uku cif. Satin ga awa 2 da minti 50. Barci dare biyar cikin bakwai, sauran biyun har yanzu ina farkawa gabana na bugawa ba tare da na yi mafarkin komai ba, na gaya ma likita ya rubuta mani takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa, zan je cikin watan ga in sha Allah, uwargida ta ce za ta raka ni. TikTok na goge shi gaba ɗaya ranar Talata don na ga ta nan nake zamewa, ko ɗinki na shiga nema sai ya jefo mani ɗan bindiga yana wasa da kuɗi.

Kayan yaran kango sun kai kala 31, telan da ke kusa da ni shi ma ya fara kawo ragowar yadinshi. Mai shadda ya dawo da wani ɗinkin. Mutanen maƙwabciyar Inna sun kira jiya a ƙaramar waya, sun ce ranar Laraba za su shigo in hanya ta yi kyau, na sa yara su share ɗakin zaure a shimfiɗa tabarma.